Ruwan da Baba Mai Famfo Ya Gani

Akwai wani mutum da 'yan gidansu ke kira Sarkin Tafiya. Ba naɗa shi aka yi ba, aikinsa ne ya jawo masa sunan. Shi ke shirya wa wani babban attajiri tafiye-tafiyensa. Ya yanki tikiti, ya kama masauki, ya tabbatar mota na jira tun kafin maigidan ya sako ƙafa daga jirgi. Ya iya aikin, wannan kam ba a ja da shi. Ya san kujerar da ba ta jijjiga, ya san ɗakin da ƙarar titi ba ta kai wa, ya kuma san wanda ake kira a waya a buɗe ƙofar da aka rufe wa sauran jama'a.

Mahaifinsa kuwa gyaran famfo ya yi har ƙarfinsa ya ƙare. Kowa a unguwa Baba Mai Famfo yake ce masa. A tsugune ya yi rayuwarsa, a ƙarƙashin wurin wanke-wanken mutane da bayan banɗakunansu, yana bin ɗigon ruwa da sifana. Da wannan tsugunon ya yi wa 'ya'yansa karatu. Matarsa ta rasu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa, sai autarsa da ke koyarwa a wata makarantar firamare kusa da gida. Ita ke kula da shi, kuma har ta girma Auta ake ce mata.

Da idon Baba ya fara gardama, Auta ta kai shi asibiti. Likita ya ce jijiyar idon ce ke mutuwa a hankali. Magani zai rage mata gudu, amma abin da ya tafi ya tafi. Ya ja Auta gefe ya ce idan akwai abin da tsohon yake son gani, kada a tsaya jan ƙafa.

Akwai kuwa. Baba ya daɗe yana jin labarin wata shahararriyar mafaɗar ruwa a wata ƙasa mai nisa, inda kogi guda ke zuwa bakin dutse ya faɗo ƙasa gaba ɗayansa. Yakan ce shi da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana faɗa da ɗigo, yana so kafin fitilarsa ta mutu ya ga ruwan da babu mai buɗe shi, babu mai rufe shi, sai Wanda ya halicce shi. Abokan hirarsa na ƙofar gida sukan tsokane shi, wai idan zai tafi kada ya manta sifana, ƙila ya gano inda abin ke yoyo ya ɗaure wa mutanen ƙasar.

Auta ta kira yayanta ta faɗa masa maganar likita. Bai yi ko ɗar ba, ya ce a bar masa komai. Kada wani ya ce ba ya son mahaifinsa. Yana sonsa sosai. Sai dai hanya ɗaya ya sani ta girmama mutum, ita ce hanyar da yake girmama maigidansa.

To, filin jirgi biyu ne ake sauka idan za a je wurin ruwan nan. Akwai babba a birni, mai ɗakin manyan baƙi da shaguna masu ƙyalli, amma daga can sai an yi doguwar tafiya a mota. Akwai kuma ƙarami a gefen ruwan, wanda sai an canza jirgi a hanya an shiga ɗan ƙarami mai farfela.

Ranar da ya zo gida da maganar tsarin tafiyar, suna zaune a ɗakin Baba bayan la'asar, Auta ta miƙa masa wayarta. Ta ce ta duba, kusa da ƙaramin filin akwai wani masauki mai 'yan ɗakuna, daga ƙofarsa da ƙafa ake takawa zuwa bakin ruwan.

Ya karɓi wayar da yatsu biyu, ya ja hotunan. Gadon ƙarfe, fanka a rufi, bokiti a banɗaki. Sai ya yi dariya.

"Malama, wannan ai ɗakin kwanan ɗalibai ne. Ni zan ɗauki ubana in kai shi inda ake wanka da bokiti? Ranar da famfonsu ya lalace shi za su taso ya gyara."

"Yaya, ba wanka za mu je yi ba. Idon Baba da safe ne yake ɗan buɗewa, da yamma ta yi kuwa..."

"Ke alli kika sani. Ni kuma wannan shi ne abincina."

Ya ci gaba da bayani. Ya ce jirgin farfela jijjiga gare shi, tsoho ba zai jure ba. Ya ce a birnin akwai otal ɗin da yake sauke maigidansa, sunan ruwan ma otal ɗin yake ɗauke da shi, manajan kuma abokinsa ne. Hanyar ma ba wata hanya ba ce, shi da kansa ya taɓa bin ta, kafin ka gyara zama an isa.

Auta ta juya ta tambayi Baba ra'ayinsa. Baba na zaune a kan darduma yana jan carbi. Ya yi murmushi ya ce ɗan nan masu kuɗin duniya ma bayansa suke bi idan an hau hanya, balle shi mai sifana. Duk yadda ya tsara daidai ne.

Auta ta karɓi wayarta ta sa a jaka. An taka ta a gaban mahaifinta, kuma har suka tafi ba ta sake tayar da maganar ba.

Tafiyar ta fara kamar yadda Sarkin Tafiya ya so. A babban filin aka tarbe su da keken tura marasa ƙarfi, aka shigar da su ta ƙofar da babu layi. A otal manaja da kansa ya fito, ya rusuna ya kira Baba ranka ya daɗe. Tsohon da ya saba shiga gidajen mutane ta ƙofar baya ya rasa inda zai sa hannuwansa. Ɗan ya ga haka, ƙirjinsa ya cika. A ransa ya ce yau ya biya wani abu daga cikin tsugunon nan.

A zauren otal ɗin akwai hoton mafaɗar ruwan, ya cinye bango guda. A gabansa an gina wani ɗan dutse na siminti, inji na turo ruwa yana gangarowa. Baba ya tsaya ya kasa kunne, ya ce injin nan iska yake sha, su sa a duba shi kafin ya ƙone. Aka yi dariya har da manaja.

Washegari da Baba ya idar da sallar asuba, ya sa rigarsa mai kyau, ya sa hula da takalmi, ya zauna a bakin taga. Ɗakin a can saman bene yake. Da rana ta fito sosai sai idon ya washe, har yana nuna wa Auta motocin da ke ajiye a ƙasa yana faɗin launinsu, ja, fara, ja. Da ɗansa ya shigo gaishe shi, ya tambaya ko yau ne.

Ba yau ba ne. A aikin Sarkin Tafiya ba a sauke babban mutum daga jirgi a wuce da shi daji. Ranar farko hutu ce. Daga nan sai gaishe-gaishe, domin akwai wani aminin maigidansa a birnin da ba zai yiwu a shigo a fita ba a leƙa shi ba. Daga nan sai kasuwa. Buɗe ido kullum shi ne na ƙarshe, don a rufe tafiya da daɗin baki. Haka yake yi wa maigida shekara da shekaru, kuma maigida bai taɓa ƙorafi ba.

Kowace safiya Baba sai ya sa hula da takalmi ya zauna a bakin tagar nan. Kowace safiya sai a ce masa saura kaɗan. Shi kuma sai ya ce to, Allah ya kai mu. 'Yan safiyoyin da suka rage wa idon nan masu kyau, a kan wurin ajiye motoci aka ƙarar da su.

Ranar ƙarshe ta zo, gobe da safe jirginsu zai tashi. Auta ta shirya Baba tun da duku-duku. Amma manaja ya haɗa musu karin kumallo na bankwana, kuma rashin ɗa'a ne a ƙi. Aka ci, aka sha, aka tsayar da Baba a gaban hoton bangon aka ɗauke shi ta nan, aka ɗauke shi ta can. Sai da hantsi ya dubi ludayi suka shiga mota.

A kan hanya ne Sarkin Tafiya ya fara tuna wani abu. Wancan zuwan da ya yi, a cikin jerin motocin maigidansa ya zo, da jiniya a gaba. Manyan motoci suna jin kukan suke sauka gefen titi. A shingen bincike ko tsayawa ba a yi. Hanyar da yake cewa kafin ka gyara zama an isa, da jiniya ya auna ta.

Yau babu jiniya. Tirela ce a gabansu, tirela a bayansu. Suka tarar da gada ana gyara, hannu ɗaya ake bi, sai an jira na can sun wuce. A kowane shinge sai an leƙo an duba fuskokinsu. Tsoho kuma tsoho ne, sai an tsaya ya kama ruwa, sai an tsaya an yi salla. Sarkin Tafiya ya matsa wa direba ya ƙara wuta. Direban ya ce shi ma yana da 'ya'ya a gida.

Baba dai ya gyara zama. Ya jingina da taga yana jan carbinsa. Can da rana ta karkata, ya fara murza ido da bayan hannu. Auta ta ɗiga masa magani, ta juya fuskarta waje.

Da suka kusa, suka wuce wani ɗan gini mai baranda. Wasu tsofaffi na zaune a ciki suna shan shayi, an shanya jiƙaƙƙun riguna a kan igiya. Daga nan ma ana jin rugugin ruwan kamar hadari na tasowa. Sarkin Tafiya ya gane wurin, shi ne na cikin wayar Auta. Bai waiwayo ya dube ta ba.

A ƙofar shiga layi ne dogo. Ya ciro waya ya kira mutumin da ya buɗe musu ƙofar gefe wancan karon, wadda mota ke shiga har bakin ruwa. Mutumin ya gaishe shi da fara'a, ya tambaya ko maigida na tare da su. Da ya ji ba ya nan, sai muryar ta canza. Ya ce ai wannan ƙofar sai da izini daga sama, ya yi haƙuri ya bi layi. Sarkin Tafiya ya tsaya riƙe da waya. Ashe duk shekarun nan ba shi ake buɗe wa ƙofa ba.

Suka bi layi kamar kowa. Suka taka doguwar hanyar ƙafa a tafiyar tsoho, ana yi ana hutawa, mutane na fitowa suna wuce su, jikinsu jiƙe, suna dariya.

Da suka iso bakin ƙarfen da ake dafawa a kalli ruwan, rana ta riga ta faɗa bayan dutse. Kwarin duk inuwa ce. Ruwan na nan yana faɗowa, abin tsoro, abin tasbihi, amma ya koma toka-toka a cikin feshinsa. Mai lafiyar ido ma sai ya ƙura.

A hannun hagu kuwa, can sama a kan tudu, akwai ginin masu gadin wurin. Bangonsa dogo ne, an shafe shi da farin fenti, kuma shi kaɗai ne sauran hasken rana ke duka. Rugugin ruwan na bugunsa yana dawowa.

Baba ya saki ƙarfen ya juya wajen bangon. Ya ɗaga hannu biyu.

"Tsarki ya tabbata ga Allah. Ku dubi farinsa."

Auta ta kama kafaɗunsa a hankali ta juyo da shi wajen ruwan. Ta ce Baba, ta nan. Ya ƙura ido, ya daɗe, ya girgiza kai.

"Nan ai duhu ne, 'yar nan. Ki bar ni in kalli ruwan."

Ya koma ya fuskanci bangon. Feshi na sauka a kan fuskarsa yana haɗuwa da hawaye. Ya ce shi duk tunaninsa zai ga yana gudu, ashe idan ruwa ya kai wani yawa tsayawa yake cak, ko motsinsa ba a gani. Ya yi ta hamdala. Ya lalubo hannun ɗansa ya riƙe, yana sa masa albarka, albarkar da ɗan bai taɓa jin mai nauyinta ba.

Auta ta ja yayanta gefe. Muryarta ƙasa-ƙasa, don kada Baba ya ji.

"Yaya, don Allah mu kwana a masaukin nan da muka wuce. Da safe rana a kan ruwan take fitowa. Jirgi ya tafi, ai akwai wani."

Ya ce jibi maigida zai yi tafiya, kuma babu mai shirya masa sai shi. Ta ce to ya kira shi ya faɗa masa gaskiya, ai shi ma ɗa ne ga wani.

Ya ciro wayar. Ya nemo sunan maigidan, ya tsaya yana kallo. Tun da ya fara aikin nan bai taɓa buɗe baki ya ce ba zan samu zuwa ba. Ya ɗaga kai ya dubi mahaifinsa, fuskar tsohon cike da murna. Sai zuciya ta kawo masa mafita mai sauƙi.

"Ai ya ce ya gani."

"Bango ya gani, Yaya."

"Za mu dawo. Da kaina zan kawo shi ta ƙaramin filin."

Ya mayar da wayar aljihu. Masu gadi suka fara busa usur, lokacin rufewa ya yi. Suka juya suka kama hanyar birni, washegari suka hau jirginsu a kan lokaci, ta ƙofar da babu layi.

Niyyar dawowar ba ƙarya ba ce. Amma maigida ya yi wannan tafiyar, ya dawo ya yi wata. Wata mai zuwa ya zama wata mai zuwa. Idan Sarkin Tafiya ya kira gida, Baba sai ya ce lafiya lau, ido da sauƙi, a gode wa Allah. Auta kuwa gaisuwa kawai take yi ta miƙa wayar.

Da ya samu sarari daga baya, ya zauna ya yi tsarin da bai taɓa yi wa kowa ba. Jirgin farfela, masaukin nan mai fanka, kwana da yawa, babu gaishe-gaishe. Ya tako gida da kansa don ya yi albishir.

A tsakar gida ya samu Auta tana shanya. Ya faɗa mata. Ta matse rigar da ke hannunta, ta ce ya je ya gan shi tukuna.

Baba na ƙofar gida a kan benci da abokan hirarsa. Idanunsa a buɗe suke, amma da ɗan ya tsaya a gabansa ba su motsa ba. Sai da ya yi sallama tsohon ya juyo da kunne, ya miƙo hannu yana lalube.

Ɗan ya tsuguna ya ce Baba, na shirya mana komawa wurin ruwan nan.

Baba ya yi dariya. Ya ce abin da Allah ya nuna maka sau ɗaya ai sai godiya, me zai koma yi. Ya ce idan dai ya riga ya shirya, to ya kai ƙanwarsa, don ita ranar kuka ta yi ta yi, ba ya jin ta ga komai.

Ɗaya daga cikin abokan ya ce a sake ba su labarin, akwai baƙo a cikinsu yau da bai ji ba. Baba ya gyara zama. Ya faɗi jirgin, ya faɗi manajan da ya rusuna masa, ya faɗi benen da ake hango motoci kamar ƙwaro. Sannan ya zo kan ruwan. Ya ce fari ne fat, dogo, a miƙe, babu ko lanƙwasa. Ya ce duk wanda ya gaya muku gudu yake yi bai je ba, tsaye yake cak da ikon Allah.

Baƙon ya ce shi kam a waya ya taɓa gani, kuma kamar yana zuba.

Baba ya ce waya daban, ido daban. Ya lalubo kan ɗansa ya dafa.

"Ga wanda ya kai ni nan, da shi muka tsaya. Ko ba haka ba ne?"

Sarkin Tafiya ya dubi ƙasa. Auta na tsaye a bakin ƙofa da bokitin wanki a hannu.

"Haka ne, Baba."

Darasi: Idan za ka yi wa iyayenka alheri, ka fara tambayar me suke bukata, ba me zai nuna girmanka ba. Masauki mai kyau shi ne wanda ya kusantar da mutum ga abin da ya fito nema, ko da bokiti ne a banɗakinsa. Ka saurari wanda ke zaune da su kullum, ko ƙaninka ne. Abin da za a iya yi wa tsoho da safe kada a kai shi yamma, domin ido da numfashi aro ne, kuma Mai su ba ya shawara da mu ranar karɓa. Allah ya ba mu ikon kyautata wa iyayenmu tun suna gani, waɗanda suka rasu ya jiƙansu. Ku tura wa 'yan uwanku, wataƙila akwai mai cewa "wata mai zuwa" a cikinsu.